Ƙuri'ar Tsohuwa da Shanun Gandu

Addini bai taɓa raba gidanmu ba, sai da aka kawo huluna biyu daga Funtuwa.

Mu uku ne 'ya'yan Tsohuwa da suka rayu: Yaya Sabo, Yaya Zakariya, sai ni Zuwaira, auta. Tsohuwa sunanta ne tun tana goye, ba tsufa ya ba ta shi ba, sai dai yanzu sunan ya zauna mata daram. Mu Inna muke ce mata. Ita da Yaya Sabo suna kan addinin kakanninmu, ba a zuba iri a gonarmu sai Yaya Sabo ya yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya. Yaya Zakariya ya musulunta tun yana saurayi, har yakan ja salla idan liman ya tafi kasuwar Maska. Ni ma aure ya kai ni Musulunci. Ranin nan maigidana ya tafi cin rani, na dawo gida jinyar Inna, don kwankwasonta ya hana ta tafiya.

Duk da haka gandu ɗaya yayyen nawa suke nomawa, wato gona ɗaya, rumbu ɗaya, kowace mai ɗaki ta ɗebi na tuwonta. Da azumi Yaya Sabo ke ɗaukar aikin rana. Idan kuma Yaya Sabo ya sha ya yi tatul a gidan biki, Yaya Zakariya ke saɓo shi gida yana istigfari a hanya. Mutanen Unguwar Kanya, ƙauyenmu, har misali suke yi da su.

Ƙarfin gandun nan shanu biyu ne. Jatau na Yaya Sabo ne, Duna na Yaya Zakariya, tun suna maruƙa aka hore su tare a karkiya ɗaya. Wanda bai san shanun noma ba zai ɗauka sa sa ne kawai. Ba haka ba ne. Wanda aka hora a dama, a dama zai ja har ya tsufa, na hagu ma haka. Jatau na dama ne, Duna na hagu. Da damina su yi huɗa, da rani su ja amalanke su kai taki gona.

Sai zaɓen shugaban ƙasa ya taso. Manyan jam'iyyu biyu suka raba ƙasa gida biyu, ta Tulu da ta Tsani. 'Yan Tulu sun yi alkawarin ruwa har cikin ɗaki, 'yan Tsani sun ce za su ɗaga talaka sama, ba su dai faɗi inda za su ajiye shi ba. 'Yan takarar biyu kuwa, ko an kama hannunsu an jawo su ba za su gane hanyar Unguwar Kanya ba. Amma lasifikarsu ta gane ta sarai.

Motar Tulu ce ta fara zuwa. Wani mai babbar riga ya sauko, ya kama hannun Yaya Sabo a gaban jama'a, ya kira shi Sarkin Noma, ya kafa masa shuɗiyar hula. Shi ke nan, mutumin da bai taɓa sanin sunan kansilansa ba ya wayi gari yana bayanin tattalin arziki. Da motar Tsani ta zo ta tarar an riga ta ga babban wa, sai ta ɗauki ƙanen. Aka ba Yaya Zakariya hula ruwan ɗorawa, aka naɗa shi Shugaban Tsare-tsare na Unguwar Kanya ta Yamma. Mu da aka haifa a garin, ranar muka fara jin yana da yamma da gabas.

Akwai wani Bayarabe haifaffen Funtuwa, Raufu, wanda ke sayen waken soyarmu da a-kori-kurarsa, yana kuma da shagon kayan gini. Hausarsa ta fi tamu gishiri. Rana ɗaya ya sayar wa Yaya Sabo shuɗin fenti da safe, ya sayar wa Yaya Zakariya ruwan ɗorawa da la'asar, kowanne ya gaya masa a kunne cewa nasa ne zai ci. Yaya Sabo ya shafe ƙahonnin Jatau da shuɗi. Yaya Zakariya ya gani, ya shafe na Duna da nasa. Shanun suka ci gaba da cin harawa a kwami ɗaya, don ba wanda ya yi musu bayanin sun zama abokan gaba.

Rikicin ya fashe ranar da kowace jam'iyya ta kira taro a Maska, kowannensu yana son ya shiga gari a kan amalanke da tutarsa.

"Aradu, sana ba ya shiga karkiya guda da san Tsani," in ji Yaya Sabo.

Yaya Zakariya ya ce, "To Yaya, sai ka shiga hagun da kanka ka ja. Duna dai ya gama bauta wa Tulu."

Kafin azahar an kafa zana tsakanin turakun biyu. Jatau a wannan gefe, Duna a wancan. Su da ba a ba su hula ba su suka fi kowa shan wahala. Suka rage cin abinci, wannan ya yi kuka wancan ya amsa, Duna yana tura hanci ta ƙasan zana. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga dabbobi sun fi yayyena sanin zumunci.

Ga shi lokacin kai taki ne. Jujin ƙofar gidanmu ya yi tudu, kashin shanu da na awaki da toka, yana jiran amalanke. Yaya Sabo ya ce abin mai sauƙi ne, jam'iyya ai 'yan'uwantaka ce. Ya je wurin Mati, ɗan Tulu na gani-kashe-ni, ya aro sansa. Bai tambayi ko san na wane gefe ba ne, ya dai tabbatar mai shi ɗan Tulu ne. Ashe shi ma na dama ne. Aka ɗaura su, aka loda taki, aka ce a tafi. San Mati ya dinga turowa yana neman gefensa, Jatau ya ƙi matsawa, amalanke ta yi ta kewaya tsamiya kamar mai neman abin da ya faɗi. Daga ƙarshe ta kife a kwalbatin bakin masallaci, takin ya zube daidai inda ake alwala.

Yaya Zakariya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce haka Tulu za ta tuƙa ƙasa. Kashegari shi ma ya aro san Abdussamad, ɗan Tsani. Da yake Shugaban Tsare-tsare ne, shi ma bai tambaya ba. Na hagu biyu suka haɗu. A hannunsa amalanken ba ta ma bar ƙofar gida ba, ta karya dangar maƙwabta ta tsaya a kan rumbun albasa.

Mai hankali zai ce daga nan an gane. Yayyena ba su gane ba. Yaya Zakariya ya shigo tsakar gida ya faɗa da ƙarfi, yadda za a ji ta bayan zana, cewa ya yi magana da Raufu. Ranar kasuwar da ke bayan zaɓe zai zo da mota ya ɗauki Duna a kai shi kara, kasuwar shanu, a sayar. Bayan nan a raba gona, a raba rumbu, kowa ya kama gabansa. Yaya Sabo ya amsa daga can cewa an daɗe ba a faɗi magana mai daɗi irin wannan ba.

Inna tana kwance a ɗaki, duk ta ji. Gandun nan mijinta ya bar mata shi a dunƙule, ta riƙe shi a dunƙule tun muna yara, ta sha faɗa mini cewa ba ta son ta ga an ja igiya a tsakiyar gonar nan da ranta. Na shiga ina tsammanin zan tarar tana kuka. Na same ta zaune tana tauna taba, rediyonta a kan cinya.

Ta ce, "Auta, ɗauko mini katin zaɓena cikin kwalla. Za ni in yi zaɓe."

Na ce, "Inna, ke da ba ki iya zuwa bayan ɗaki sai an riƙe ki? Rumfarmu fa tana firamare, ƙetaren rafi."

"Mi ya dame ki? Ke dai ki faɗa a bakin rijiya."

Na faɗa a bakin rijiya, kafin in sauke tuluna labari ya riga ni gida. A ƙauyen da aka rabu kusan daidai wa daida, ƙuri'ar tsohuwa guda ta zama abin nema. Ballantana kowannensu yana son a ce uwar da ta haife su tana bayansa. Yaya Sabo, wanda rabonsa da zama a ɗakin Inna tun kaka, ya shigo da ƙullin taba da kanwa. Ya durƙusa ya yi mata bayanin Tulu tun daga tushe.

Ta ce, "Na ji, Sabo. Kai dai ka kai ni, ka ga abin da za ni yi."

Da ya fita, Yaya Zakariya ya shigo da burodi da sukari, ya tambayi jikinta har sau nawa, abin da bai yi ba tun fara kamfe. Shi ma ta ce ya kai ta ya ga abin da za ta yi. Kowannensu ya fita yana murmushi, ya dube ni da tausayin ɗan'uwansa.

Sai maganar abin hawa. Yaya Zakariya ya ce zai goya ta a babur. Ta ce kwankwasonta ba na haya ba ne. Yaya Sabo ya ce zai sa samarin Tulu su ɗauke ta a kan gado. Ta ce ba ta mutu ba tukuna. Mota kuwa an hana ta yawo ranar zaɓe, ko an bar ta ma yashin rafi ba zai bar ta ta wuce ba.

Ta ce, "Amalanke nika so. Ta gidanga. Kuma kada wanda ya aro mini san wani, na ga yadda kuka iya aro."

Safiyar zaɓe suka fito, kowa da hularsa, ba mai kallon wani. Yaya Sabo ya kwance Jatau, Yaya Zakariya ya kwance Duna, kowannensu a ransa yana ganin ya yi wa ɗan'uwansa wayo, zai yi amfani da sansa ya kai wa jam'iyyarsa ƙuri'a. Shanun ba su jira an jera su ba. Jatau ya tsaya dama, Duna ya zagayo hagu, ya lashi wuyan ɗan'uwansa, suka sunkuyar da kai aka ɗora karkiya. Na juya baya na share ido da gefen zane, don ban so su ga sun sa ni kuka.

Na shimfiɗa tabarma a cikin amalanke, muka zo ɗaukar Inna. Ta leƙo ta ƙofa ta ce a tsaya.

"Tun da nike ban taɓa ganin an fitar da amalanken gidanga fanko ba. Gona a kan hanya take. Ku loda taki."

Yaya Zakariya ya ce, "Inna, yau fa ranar zaɓe ce."

"An hana mota, ban ji an hana taki ba a rediyo. In ba ku lodawa, ni ma ciwona ya tashi, na fasa."

Haka Sarkin Noma da Shugaban Tsare-tsare suka tuɓe rigunan jam'iyya suka rataye a kan zana. Shebur ɗaya ne a gidan, kwando ɗaya. Dole ɗaya ya cika, ɗaya ya ɗauka. Da farko ba sa magana. Can sai na ji Yaya Sabo ya ce, "Kama nan," Yaya Zakariya ya kama. Wannan ita ce doguwar hirar da suka yi tun zuwan huluna.

Aka ɗora buhuna a kan takin, aka ɗora tabarma, aka ɗora Inna a can ƙololuwa da lulluɓinta na zuwa biki. Na zauna a bayanta ina riƙe da ita. Shanun suka miƙe hanya sambal, ƙaho shuɗi a dama, ruwan ɗorawa a hagu, ba ko karkacewa. A gona aka sauke Inna a inuwar ɗorawa, suka juye takin tsibi-tsibi, ta zauna tana nuna musu inda ƙasa ta gaji. Ta daɗe tana kallon kudu, wajen gonarmu ta daji, wadda muka daina nomawa tun da 'yan bindiga suka fara ɗaukar mutane a can.

Daga gona zuwa rafi amalanke ta zama motar haya. Duk tsohon da muka tarar yana jan ƙafa sai Inna ta ce a tsaya. Uban Mati ya hau da shuɗiyar hula, kakar Abdussamad ta hau da zane mai hoton tsani, wata mai tsohon ciki ta hau, da wani makaho da ya ce shi bai yanke shawara ba tukuna. Yaya Sabo ya so ya yi ƙorafin ana ɗaukar 'yan Tsani, sai ya ƙirga da ido ya ga nasa ma suna ciki, ya haɗiye. A yashin rafi ƙafa ta nutse, kowa mai ƙarfi ya sauka ya tura, ba wanda ya tambayi hular na kusa da shi. Muka isa firamare dukkanmu muna warin abu ɗaya. Duk jawabin haɗin kan ƙasa da na ji a rediyo, ban ga wanda ya yi aikin da warin nan ya yi ba.

Jama'a suka ba tsofaffi hanya. Da aka miƙa wa Inna takardu, yayyena suka taso a tare, kowa yana cewa idonta ba ya gani sosai, shi zai raka ta.

Ta ce, "Idon da ya ga ranar da anka haife ku zai ga tulu da tsani. Ku koma."

Na kai ta bakin wurin dangwalawa na ja baya. Ta daɗe a ciki. Ta fito da tawada a yatsa, ta jefa a akwati da hannunta. Ni ma na bi layin mata na yi nawa.

Ba mu tafi ba, don Inna ta ce sai ta ga an ƙirga. Da la'asar aka zazzage akwatin shugaban ƙasa a gaban kowa, ana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya, jama'a na amsawa. Tulu, Tsani, Tsani, Tulu. Sai malamin zaɓe ya ɗaga wata, ya kai ta kusa da ido, ya ce, "Ƙwarya." Wata 'yar ƙaramar jam'iyya ce a can ƙasan takarda, ba ta taɓa aiko mana ko da fosta ba. Har aka gama, ita kaɗai ce ƙuri'arta a rumfar.

Yaya Sabo ya dubi Yaya Zakariya. Yaya Zakariya ya dubi Yaya Sabo. Sannan su biyun suka juyo suka dubi Inna.

Ƙuri'ar nan tawa ce. Na ji 'yar takararsu sau ɗaya a rediyo tana maganar tsadar takin zamani kamar wadda ta taɓa riƙe fartanya, kuma hulunan nan biyu sun ishe ni. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji an mintsine ni a cinya, mintsinin da rabona da irinsa tun ina yarinya. Inna ko kallona ba ta yi ba, tana ta tauna tabarta.

A hanyar komawa yayyena suka jera a gaban shanu, kafaɗa da kafaɗa, suna zazzaga haushi.

"Ka ga tsohuwar nan? Ta ci tabata."

"Ni burodina da sukari. Ta sa mun kwashi kashi ranar zaɓe, Yaya, a gaban mutane."

"Ƙwarya fa. Ko hula ba su da ita."

"Wallahi an ci amanarmu."

Ban taɓa jin daɗin kalmar "mu" irin na ranar ba. Har muka isa gida suna ba juna gaskiya. Da aka kwance shanu, ba wanda ya tuna ya kai nasa bayan zana, suna tsaye suna lissafa irin wayon da Inna ta yi musu tun suna yara.

Bayan 'yan kwanaki aka faɗi sakamako. Ɗaya ya ci, ɗaya ya tafi kotu, dukansu sun gode wa talakawa, ba wanda ya ambaci Unguwar Kanya, ta yamma ko ta gabas. Ranar kasuwa Raufu ya zo da a-kori-kura ɗaukar Duna, ya tarar da turaku babu kowa, zanar tana ƙasa awaki na ci. Na gaya masa shanu suna gona, juji bai ƙare ba. Na kuma isar masa da saƙon Yaya Zakariya, cewa in yana da abin da ke wanke fenti daga ƙaho ya kawo. Raufu ya yi dariya ya ce tun ranar da ya sayar da fentin ya ajiye musu kananzir.

Da motarsa ta tafi na shiga ɗakin Inna na zauna ina matsa mata ƙafa. Na ce, "Inna, har yau suna jin haushinki a kan abin da ba ki yi ba. Wa kika zaɓa?"

Ta ce, "Ɗaya daga cikin biyun nan. Na saurare su duka, na ɗauki wanda na ga kamar zai sa in sake taka gonar daji kafin in mutu. Ko zai yi, ko ba zai yi ba, ni dai na sa hannuna."

"To wanne ne?"

"In na faɗa, ɗa guda gare ni. In na yi shiru, biyu." Ta gyara kwanciya, ta juya fuska bango. "Ki bar su su ji haushina tare, Auta. Ki kama bakinki har a yi huɗa."

Daga waje na jiyo ƙarar amalanke ta dawo ɗaukar wani lodin, Yaya Sabo yana ce wa Yaya Zakariya ya miƙo shebur.